Surukina da Tsohuwar Motar Soja

Na Allah muke, kuma wurinsa muka dosa. Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu a Batsari cikin daminar bana, gero yana fitar da kai, bayan gajeriyar jinya. Ban taɓa kama sunansa da bakina ba yana raye, don ba a san suruka da haka ba, kuma ba zan fara ba yanzu da yake kwance. Baba nake ce masa, Baba zan ci gaba da cewa.

Masu zuwa gaisuwa kowa da abin da ya riƙe game da shi. Daga cikin gida muna jin muryoyin maza ta kan katanga. Limamin unguwa ya ce sahun gaba ya yi giɓi. Wani tsoho da suka yi aiki tare a ma'aikatar gona ya ce tun da Baba ya ajiye aiki bai ƙara ganin wanda ke jan kunyar gona a miƙe da tarakta kamar an ɗaura zare ba. Kanikawan bakin tasha suka zo a ayari da kayan aiki a jikinsu, baƙin mai har gwiwar hannu, suka tsuguna a ƙasa gefen tabarma don kada su ɓata ta. An ce babbansu, ƙato mai furfura, ya kasa ƙarasa addu'a, sai ya rufe fuska da hula.

A cikin gida kuwa, wata maƙwabciyarmu ta gama "ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri", sai ta matso kusa da Inna, surukata, ta rage murya.

"To, yanzu kam sai a kira 'yan gwangwan su kwashe tarkacen nan na bayan gida, ku samu wurin ɗaure awaki."

Inna, wadda ta shekara da shekaru tana mitar wannan tarkace da bakinta, ta ɗago ta dube ta.

"Ki bari ƙasar kabarinsa ta bushe tukuna," in ji ta.

Maganar maƙwabciyar nan ce ta hana ni sukuni. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta gani ke nan: tarkace. Na ga cewa in muka yi shiru, haka jikokinsa ma za su gani. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani.

Tarkacen da ake magana landirofa ce, tsohuwar motar soja, mai gajeren jiki da rufin tamfol, fitilunta biyu a matse kusa da juna kamar idon mage. Shekarar da aka kawo ni gidan daga Safana, a shekarar aka kawo ta. Ni a mota aka kawo ni, ita kuwa a bayan babbar mota aka ɗauko ta daga Kaduna, inda Baba ya same ta a gwanjon tsofaffin motoci bayan ya yi ritaya. Ba taya, ba gilashi, ba kujera. Kaji sun yi ƙwai a cikinta, tsatsa ta huda ƙasanta har kana hango ƙasa. Unguwa ta taru tana dariya. Wani ya ce Alhaji ya sayo wa kaji ɗaki. Baba ya zagaya ta yana shafa ta da tafin hannu.

Baba bai taɓa yin soja ba. Wansa ne ya yi. Inna ce ta ba ni labarin wata rana muna tsince wake. Lokacin yaƙin basasa, wan nasa ya shiga soja aka sa shi tuƙi. Sau ɗaya ya zo gida, da irin wannan mota, ya rako wani hafsa. Baba yana saurayi ɗan tasowa a lokacin. Wan ya ɗora shi a kujerar direba, ya kama hannunsa ya aza a kan giya, suka zagaya filin bayan gari, ya ce masa in an gama yaƙi zai dawo ya ƙarasa koya masa. Aka gama yaƙi, waɗanda za su dawo suka dawo. Shi ba shi, ba gawarsa, ba wanda ya zo ya ce ga inda ya faɗi. Mahaifiyarsu ta mutu tana ajiye masa tuwo.

"Ba kabarin da zai ziyarta," in ji Inna. "To kin ga ya samo abin da zai riƙa sharewa."

Kullum in ya dawo daga masallaci da safe ya gama lazimi, sai ya cire babbar riga ya rataye a ƙusa, ya sa wata tsohuwar shuɗiyar riga ta aiki, ya shiga rumfar kwano da ya kafa mata. Yana da tabarma ta musamman da yake jera kusoshi da ƙananan ƙarafa a kai, kowanne inda ya cire shi, kuma kaiton akuyar da ta taka ta. Ba ya gaggawa. Ƙarfe ɗaya yakan ɗauke shi mako yana gogewa da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Abin da babu shi a Katsina ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya tono shi a cikin tsibin ƙarafa, abin da babu shi a Kano ya kai wa maƙeri samfuri su ƙera tare. In aka ce ga na wata mota zai shiga daidai, sai ya girgiza kai.

"Zai shiga, amma ba nata ba ne. Kai za ka yarda a sa maka haƙorin wani?"

Yana da maganganunsa da duk gidan muka haddace. "Ƙarfe ba ya ƙarya, in ya yi ƙara akwai abin da ke damunsa." "Mota kamar tsoho ce, ranar da aka daina gaishe ta, ranar take fara mutuwa." In jikoki suka dame shi da tambayar yaushe za ta tashi, ya ce, "Ranar da ta ga dama. Ta girmi ubanku."

Ta kuwa tashi, bayan na haifi ɗana na biyu. Ba ta da abin tayarwa na makulli, sai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaba a murɗa da hannu, handul. Ya murɗa, ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake, ta yi tari, ta kama. Hayaƙi ya cika gidan, kaji suka watse, Inna ta fito da muciya a hannu. Na leƙa ta bayan zana na ga Baba tsaye, hannu ɗaya a kan murfin injin, leɓunansa suna motsi. Ban san ko addu'a yake yi ba ko da wani yake magana.

Fenti ya fi komai ba shi wahala. Kore ne, amma ba kowane kore ba. Ya gano wani wuri a ƙarƙashin mazaunin kujera inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, launin asali yana nan. Ya yanko ɗan guntun ya naɗe a hankici, ya yi ta yawo da shi wurin masu haɗa fenti. A haɗa, ya shafa a marfin gwangwani, ya shanya, ya duba da safe, ya duba da yamma, ya ce a'a. Da ya samu wanda ya yi masa, sai da ya yanka zakara aka yi dambu. Ya san doka ba ta yarda farar hula ya hau titi da launin soja ba, shi ya sa iyakarta gida da gonarsa ta bayan gari. Ranar Juma'a da yamma ya kwashi jikoki, su zagaya gona su dawo. Wannan ya ishe shi.

Mahaifina, Malam, mai makarantar allo da ta littattafai a Safana, bai ga hikimar wannan aiki ba, kuma shi ba mai ɓoye magana ba ne. Wata rana ya zo duba ni, na kai musu fura rumfa, na tarar Baba ƙafafunsa kaɗai ake gani daga ƙarƙashin mota.

"Alhaji," in ji Malam, "wannan lokaci da kake zubarwa a ƙarƙashin ƙarfe, da karatu ka sa shi a gaba, da izu nawa ka haddace?"

Muryar Baba ta fito daga ƙasa. "Malam, hannu ne ke aiki, baki yana nan da salati. Amma bari in tambaye ka. Ranar da na je Safana na same ka kana liƙe littattafan kakanka da gara ta ci, kana bin haruffa da tawada. Sababbi sun ƙare a kasuwa ne?"

"Wancan ilimi ne."

"Ilimin yana cikin sababbin ma. Me ya sa sai wancan?"

Malam ya juya ludayi a cikin ƙwarya. Can ya ce, "Hannunsa ne ya rubuta."

"To, madalla," in ji Baba. "Miƙo mini sifanar da ke kusa da ƙafarka."

Malam ya miƙa masa. Ba su daina wannan gardama ba har ƙarshe, amma daga ranar in Malam ya zo, rumfa yake fara sauka.

Ni da Baba kuwa kunya ce tsakaninmu. In zai ba ni saƙo, ko ina tsaye a wurin, yaro yake kallo ya ce, "Gaya wa 'yar Malam an gode da kunu." Wata shekara keken ɗinkina ya lalace gab da Sallah, kayan mutane jibge a ɗaki, mai gyara ya ce abin da ya karye ba a samunsa kuma. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Na tafi gidan suna na dawo, na tarar da keken a inda na bar shi, na taka don takaici, sai ya tafi sumul. Na buɗe ƙasansa na ga wani ɗan ƙarfe na tagulla da aka goge da hannu. Da na durƙusa zan yi godiya, Baba ya juya ya ce wa ɗana, "Gaya wa uwarka ta riƙa sa masa mai."

Sai zamani ya juya. Ɓarayin daji suka fara da shanu, suka koma mutane. Gonakin nesa suka gagara. Aka kore shanun noman gidanmu, aka harbe ɗan ƙanwar Baba a hanyar kasuwa. Motar da unguwa ke yi wa dariya ta zama abin tsoro. Dattawan unguwa suka zo suka ce ana raɗe-raɗin akwai motar soja a gidan, kada a ja wa unguwa bala'i, ya sake mata launi. Maigidana ma ya roƙe shi. Baba ya ce ya ji. Ya daina fita da ita, ya lulluɓe ta da tamfol har ƙasa, ya ja zana ya kewaye rumfar. Amma fenti, ya ce ba zai taɓa ba.

Rigimar da ta fi zafi da autansa aka yi ta, ƙanin maigidana. Shi da ɗan ƙanwar Baba da aka kashe tare suka tashi, kwano ɗaya. Bayan kisan nan autan ya shiga 'yan sa-kai. Wata safiya ya shigo da abokansa, bindigar toka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce sun zo aron mota. Babura ba sa ɗaukar mutane da yawa, ita kuwa ba rafin da zai tsayar da ita, kuma in aka hango launinta daga nesa za a ɗauka sojoji ne.

"Ba zan bayar ba," in ji Baba.

"Baba, don yaƙi aka ƙera ta."

"Ta gama nata yaƙin. Wanda ya fara nuna mini irinta, yaƙi ya tafi da shi a cikinta, har yau ina jiransa. Ba zan tsaya a ƙofar nan in ga ta fita da kai ba."

"To mu zauna a yi ta yanka mu kamar kaji? Ɗan ƙanwarka fa aka kashe!"

"Na san wanda aka kashe. Ni na sa shi a kabari."

Autan ya miƙe. Ina madafa ina jin komai. Ya ce, "Motar maza a gidan tsoro. Kullum sai shafa ta ake yi kamar amarya."

Ban taɓa jin ɗa ya gaya wa Baba irin wannan ba. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ɗaga tamfol, ya buɗe murfin injin, ya zare wani ɗan abu mai kamar kan yatsa wanda in babu shi wuta ba ta zuwa, ya jefa a aljihu, ya shige ɗaki. Autan ya kwashe kayansa ya koma shagon abokinsa. Rani ya wuce, damina ta shigo, ba ya shigowa gaisuwa sai in ya tabbatar Baba yana masallaci. Inna ta rame. Ni kaina, in faɗi gaskiya, a lokacin ban san wanda ke da gaskiya a cikinsu ba, kuma har yanzu in na tuna ɗan ƙanwar nan ina fahimtar zafin autan. Abin da na gani kawai shi ne Baba ya rage cin abinci, kuma in aka yi sallama da muryar saurayi sai ya ɗago da sauri.

Ƙarshen wannan damina aka auka wa wani ƙauye a yammacin Runka. Manoma suna gona da rana tsaka aka buɗe musu wuta. Waɗanda suka tsira suka gudo Runka da abin da ke jikinsu, gawarwaki suka kwana a gonaki. Ruwa ya cinye hanyar, masu a-kori-kura suka ce ko hanya na da kyau ba za su shiga ba.

Washegari da hantsi sai ga Malam a bayan babur, rawaninsa duk laka. Bai shigo ya gan ni ba, rumfa ya wuce. Na biyo da ruwa na tsaya a bakin zana.

"Alhaji, waɗanda ke kwance a gonakin nan, yawancinsu a gabana suka yi karatu. Rana tana dukansu, ga karnuka. Na bi duk masu mota, ba wanda ya amsa. Motar nan taka, da gaske tana shiga inda wasu ba sa shiga, ko labari ne?"

"Tana shiga."

"To na zo roƙo. Ba don yaƙi ba."

Baba ya janye tamfol ya tsaya yana kallon motar. Koren nan yana ta ƙyalli, ko ƙura babu. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo, ya dube ni, ni kaina, ba yaro a tsakani.

"'Yar Malam, akwai sauran farar ƙasar da kuka shafe ɗaki da ita?"

Na ce akwai, Baba.

"Dama mini ita a babban bokiti. Da kauri."

Na dama na kawo. Ya karɓi tsintsiyar laushi ya tsoma, ya fara daga murfin injin. Farin yana gangarowa a kan koren da ya yi shekaru yana nema, yana shiga cikin kusoshin da ya goge ɗaya bayan ɗaya. Malam ya naɗe hannun riga ya kama ɗaya gefen da tsumma.

"In suka hango kore za su harba kafin su tambaya," in ji Baba. "In fari ne, wataƙila su tsaya su duba."

Labari ya kai wa autan. Ya shigo da gudu, ya tsaya turus. Ya jingine bindigarsa a bango, ya karɓi tsintsiya daga hannun Baba ya hau ya shafe rufin. Da aka gama ya ce zai bi su.

"A'a," in ji Baba. "Tsofaffi biyu ne, ba wanda zai ɓata harsashi a kanmu. In an ga saurayi magana ta canja. Masu ɗauka suna jiranmu a Runka."

Ya ciro ɗan abin nan daga aljihu, ashe kullum yana tare da shi, ya mayar a wurinsa. Ya zura handul ya murɗa, ƙarfinsa bai kai ba. Ya sake, ya kasa. Autan ya matso ya sa hannu.

"Kawo, Baba."

Murɗawa ɗaya ta tashi. Baba ya dafa kafaɗarsa ya hau. Iyakar sulhun da na gani ke nan, kuma ya wadatar, don a ranar autan ya dawo da kayansa gida.

Muka tsaya a ƙofar gida, ubana da uban mijina a mota ɗaya, farar ƙasa tana ɗiga a kan hanya. Ba waya a can. Inna ta shimfiɗa abin sallah ba ta naɗe ba har suka dawo, washegari bayan la'asar. Baba ya sauko da kyar. Bai ci abinci ba. Ya ɗebi ruwa da kansa ya wanke bayan motar, ya hana kowa taimaka masa. Daga bakin Malam na ji cewa sun yi ta sawu tsakanin gonaki da maƙabartar Runka har aka rufe kowa, kuma a wani rafi ruwa ya kai ƙofa amma ta haye. Baba bai taɓa ba da labarin ba. In kanikawa suka tambaye shi, ya ce, "Ta yi ƙoƙari," ya kawo wata magana.

Bai kankare farar ƙasar ba. Ruwa da rana suka ci wani wuri, kore ya leƙo nan da can, ta zama dabbare-dabbare. Maigidana ya ce a nemo mai fenti a mayar da ita yadda take. Baba ya ce a bar ta, haka ma ta yi kyau.

Daga baya idanunsa suka yi rauni, yanar ido ta rufe su. Bai daina shiga rumfa ba. Da lalube yake cire fulogi ya goge ya mayar, da kunne yake daidaita injin. Ranar da ba namiji a gida yakan ce, "'Yar Malam, zo ki taka mini totur." In hau kujerar direba ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage, shi kuma ya kara kunne a jikin ƙarfe yana cewa, "Ƙara kaɗan. Ya isa. Kin ji? Wannan numfashin lafiya ne." A haka muka saba hira, bayan shekarun da muka yi ba ma haɗa ido. Zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Katsina, ya ce a mayar da shi gida. A ɗakinsa ya cika, da safe, autan yana riƙe da kansa, Malam yana laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan an tashi daga zaman makoki, baƙi sun ragu, ranar kasuwar Batsari, sai muka ji sallama a tsakar gida da wata irin Hausa. Wata tsohuwar Bafulatana ce, siririya, da ƙwarya a kai. Matan da ke zaune suka dubi juna. An daɗe rabon da matan ruga su shigo gidajen gari, tsoro ya shiga tsakani ta kowane ɓangare. Ta sauke ƙwaryar a gaban Inna, man shanu ne a ciki. Ta durƙusa ta yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta tambaya ko nan ne gidan mai farar mota.

Inna ta ce nan ne.

"A kasuwa na ji ya rasu. Na ce ko za a kashe ni sai na zo."

Ta ce ranar da aka harbe manoman nan, ɗanta yana kiwo a gefen gonakin. Harsashi ya same shi, ba ta san na wa ba. Da aka zo kwasar gawa, mutanen ƙauyen suka ce a bar wannan, nasu ne, su zo su ɗauka. Mai farar mota ya kashe injin ya ce ba inda za shi sai an sa shi. Aka yi ta cacar baki, ya zauna a kan taya, har suka gaji suka ɗauko shi. Da aka gama da na gari, tsofaffin nan biyu su kaɗai suka juya da shi suka nufi bakin daji, suna tsayawa suna tambaya, har suka samu rugarsu.

"Mazanmu duk sun gudu, sai mu mata da tsofaffi. Mai rawanin ya yi masa wanka ya yi masa sallah. Mai motar ya kama gina kabari. Ko ruwa ba su sha ba. Na tambayi sunansa, ya ce ba komai."

Inna ta dube ni, na dube ta. Ba wanda ya taɓa gaya mana wannan.

Tsohuwar ta ce abu ɗaya take roƙo, a nuna mata motar. Na tashi na kai ta bayan gida. Muka tarar da Malam zaune a rumfar shi kaɗai, da carbi a hannu. Ta gane shi nan take, ta durƙusa, ya amsa gaisuwarta yana kallon ƙasa. Na kwance igiyar tamfol na sauke ƙofar baya. Ta matso ta aza tafin hannunta a kan ƙarfen da ake shimfiɗa kaya, ta bar shi a nan. Ba ta yi kuka ba.

Can ta juya wajen Malam.

"Malam, hanyar nan tamu duk duwatsu ce da rami. Tun ranar abin yana raina. Ya sha jijjiga a hanya?"

Malam ya ajiye carbinsa.

"Bai sha ba. Alhaji ya cire rigarsa ya naɗe ya sa masa a ƙarƙashin kai. Daga gonar har rugarku bai fita daga giya ta ɗaya ba. Duk ramin da muka zo sai ya tsaya ya ce mini, 'Malam, duba mini yaron.'"

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali. Ta janye hannunta, ta gyara mayafi.

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Yau zan yi barci."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya sassauta masa hanya kamar yadda ya sassauta wa ɗan mutane. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da kyau da imani.